Bayan An Cire Yana: Kumburin Ido da Maganin Sitiroyid

Yanar ido ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke makantar da manya a Nijeriya, kuma tana cikin cututtuka ƙalilan da aikin tiyata na ƙasa da rabin sa'a ke iya kawar da su baki ɗaya. Babban binciken makanta na ƙasa, wanda aka gudanar tsakanin shekarar 2005 da 2007, aka kuma duba idanun mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na waɗanda suka kai waɗannan shekaru makafi ne, kuma yana ce sanadin kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta. Wannan ne ya sa hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji suka duƙufa wajen yawaita aikin cire yana, har ta kai ana ƙirga nasara da yawan idanun da aka yi wa aiki. Sai dai akwai wani ɓangare na jinyar da ba a cika yi wa jama'a bayaninsa ba, wato makonni huɗu zuwa shida da ke biyo bayan aikin, lokacin da ido ke kumbura saboda raunin da aka yi masa, wanda a cikinsa ne ganin da likita ya dawo da shi ke tabbata ko kuma ya salwanta. Jigon jinyar waɗannan makonni shi ne maganin ɗigawa na sitiroyid, magani mai ƙarfi da ke kwantar da kumburi cikin gaggawa, wanda kuma ke iya cutar da ido idan aka yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba.

Wannan magana ta shafi Kafanchan da kewayenta, a Kudancin Kaduna, ƙwarai. Garin, wanda ya bunƙasa a matsayin mahaɗar layukan dogo tun cikin shekarun 1920, shi ne cibiyar da mutanen Kagoro da Manchok da Zonkwa da Kwoi da Gidan Waya da Godogodo da Gwantu ke dosa idan rashin lafiya ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin ƙauye, kuma a nan ne babban asibitin da aka raɗa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa yake. Masu matsalar ido daga wannan yanki sukan sami aiki a lokacin gangamin tiyata na kyauta, ko kuma su yi tattaki zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa da dokar shekarar 1979, ko asibitocin Jos, ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda ke aiki tun 1943. Ko ta wace hanya aka bi, ƙarshen lamarin ɗaya ne: dattijo ko dattijuwa za su koma gida mai nisa da likita, riƙe da kwalbar magani ɗaya ko biyu, kuma sauran aikin ya koma hannunsu da hannun 'ya'ya da jikokin da ke ɗiga musu.

Abin da ake yi wa ido a ɗakin tiyata

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi mai kama da ƙwayar wake, garai-garai kamar ruwa, wanda aikinsa shi ne tattara haske ya sauke shi a kan tantanin gani da ke shimfiɗe a can ƙuryar ido. Idan shekaru suka ja, ko ciwon sukari ya daɗe, ko ido ya taɓa buguwa, sai wannan madubi ya yi hazo ya koma fari, haske ya kasa ratsa shi, kuma wannan hazo shi ne abin da ake kira yana. Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke wanke ta, don haka hanya ɗaya ita ce a tsaga gefen ido kaɗan, a fitar da madubin da ya lalace, a sanya na roba a gurbinsa. Likitan da ya fara dasa madubin roba a idon ɗan Adam shi ne Harold Ridley, a asibitin St Thomas da ke Landan a shekarar 1949, kuma shi wannan likita ya taɓa aiki a ƙasar Gana ta yau a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya yi nazarin makantar bakin rafi da ke addabar Afirka ta Yamma. A shekarar 1967 kuma Charles Kelman na Amurka ya fito da dabarar farfasa yana da na'ura mai karkarwa a zuƙe ta ta ƙaramar kafa. A yawancin asibitocin Nijeriya hanyar da aka fi bi ita ce ta tsaga ƙaramar ƙofa da hannu a fitar da yanar ɗungurungum, hanya mai sauƙin kuɗi da kyakkyawan sakamako, wadda ta dace da yanar da ta daɗe ta ƙosa ta yi tauri, irin wadda marasa lafiya na karkara suka fi zuwa da ita.

Kowace hanya aka bi, tiyata rauni ce, kuma jiki ba ya bambanta wuƙar likita da ƙayar daji. Da zarar an taɓa naman ido, musamman zoben baƙin ido mai cike da ƙananan jijiyoyin jini, sai ƙwayoyin jikin wurin su saki wasu sinadarai, mafi shahara cikinsu shi ne wanda ake kira furostagilandin, waɗanda ke buɗe jijiyoyin jini su sa bangonsu ya riƙa yoyo. Ta wannan yoyo ne fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun da ke kare jiki, tare da sinadarin gina jiki na cikin jini, ke kwarara cikin ruwan da ke gaban ido, wanda a ƙa'ida ya kamata ya kasance tas ba gurɓata. Wannan shi ne abin da likitoci ke nufi da kumburi, kalmar da a wurinsu ta haɗa ja da zafi da raɗaɗi da taruwar ruwa, ko da ba a ga wurin ya tasa a zahiri ba. Idan likita ya haska siririn haske cikin irin wannan ido da na'urar duba ido, yana ganin ƙwayoyin suna yawo kamar yadda ake ganin ƙura cikin hasken rana da ya ratso ta tagar ɗaki, kuma da yawansu ne yake auna tsananin kumburin.

Kumburi kaɗan dole ne, domin da shi rauni ke haɗewa, amma ido wuri ne da ƙanƙanin tabo ke iya tare gani. Idan kumburi ya yi yawa ko ya daɗe, zoben baƙin ido na iya mannewa da sabon madubin roba, farar fata na iya shimfiɗuwa a gabansa, gilashin gaban ido na iya yin hazo, kuma ƙarfin ruwan cikin ido na iya hauhawa. Akwai kuma wata illa mai zuwa a ɓoye, wadda likitan Amurka Irvine ya bayyana a 1953, Gass kuma ya ƙara fayyace ta a 1966, wato taruwar ruwa a tsakiyar tantanin gani, wurin da ake kira makula, wanda da shi ne mutum ke karatu da gane fuska da zura zare a allura. Wannan matsala takan bayyana ne makonni huɗu zuwa goma sha biyu bayan aiki, sai majinyaci da ya yi murnar gani garau a makon farko ya tarar ganinsa ya fara dushewa, alhali idon bai yi ja sosai ba.

Asalin sitiroyid da yadda yake aiki

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke samar da sinadarin da ake kira kotizol, wanda ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne ja wa garkuwar jiki linzami don kada ta wuce gona da iri. Magungunan sitiroyid kwaikwayon wannan sinadari ne da aka haɗa a ɗakin bincike. An fara gwada kotizon, ɗan uwan kotizol, a kan mai ciwon sanyin gaɓoɓi a asibitin Mayo na Amurka a shekarar 1948, kuma sakamakon ya girgiza duniyar likitanci har aka ba Philip Hench da Edward Kendall da Tadeus Reichstein kyautar Nobel a 1950. Ba a jima ba likitocin ido suka fara ɗiga shi, sannan cikin shekarun 1950 aka samar da ire-irensa masu ƙarfi, irin su firednisolon da dekzametazon, waɗanda har yau su ne aka fi rubuta wa wanda aka cire wa yana, tare da ɗan uwansu betametazon. Ya kamata a lura cewa wannan rukuni dabam yake da sitiroyid ɗin da wasu 'yan wasa ke sha don tara ƙwanji, amma dangi ɗaya ne da ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe da kuma sinadarin da ke cikin wasu mayukan bilicin, kuma illolin da aka sani a waɗannan ya isa ya nuna cewa ba abin wasa ba ne.

Idan aka ɗiga sitiroyid, yana ratsa gilashin gaban ido ya shiga cikin ƙwayoyin jiki, inda yake toshe hanyar samar da furostagilandin da sauran sinadaran kumburi tun daga tushe, ya tsuke jijiyoyin da ke yoyo, ya kuma rage kwararar fararen ƙwayoyin jini. Akwai wani rukunin magani na biyu, dangin su dikulofenak da ketorolak da nefafenak, waɗanda ba sitiroyid ba ne amma suna tare furostagilandin a wani mataki na gaba, kuma babban binciken da ƙungiyar likitocin yana ta Turai ta wallafa a 2018 ya nuna cewa haɗa rukunan biyu ya fi kare makula daga taruwar ruwa fiye da amfani da ɗaya kaɗai. Rukuni na uku shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda aikinsa dabam ne kwata-kwata, ko da yake sau da yawa ana haɗa shi da sitiroyid a kwalba ɗaya. Sanin wannan bambanci yana da amfani, domin mai jinya da bai san aikin kowace kwalba ba yana iya ajiye ɗaya ya ce ai duk maganin ido ne.

Ƙa'idar ɗigawa da janyewa

Likita ne ke tsara yawan ɗigawa gwargwadon irin aikin da aka yi da yanayin idon, amma tsarin da aka fi sani shi ne a fara da yawa, kamar sau huɗu zuwa shida a yini, wani lokaci ma kowace sa'a biyu a kwanakin farko, sannan a riƙa ragewa mako bayan mako har a tsaya bayan makonni huɗu zuwa shida. Wannan ragewa sannu a hankali ita ce zuciyar jinyar, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Sitiroyid yana danne kumburi ne yayin da ido ke ci gaba da warkewa a ƙarƙashi, don haka wanda ya ga ja ya wuce bayan kwana goma ya yanke magani farat ɗaya, tamkar wanda ya sauke tukunya ne don ya ga ta daina tafarfasa alhali abinci bai nuna ba, kuma sau da yawa kumburin yakan dawo da ƙarfi cikin 'yan kwanaki, har a koma jinya daga farko. Haka nan idan kwalba ta ƙare kafin wa'adi, wajibi ne a sayi irinta daidai ko a koma asibiti, kada a ɗauka ƙarewar kwalba ita ce ƙarewar jinya.

Ita kanta ɗigawar tana da ladubbanta. Mai ɗigawa zai wanke hannu da sabulu, ya girgiza kwalbar sosai idan maganin mai kama da madara ne, irin firednisolon, domin ƙwayoyin maganin sukan kwanta a ƙasa, kuma wanda bai girgiza ba kusan ruwa zalla yake ɗigawa. Majinyaci zai ɗaga kai ya dubi sama, a ja fatar ido ta ƙasa a hankali, a saki ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalba ya taɓa ido ko gashin ido ko yatsa ba. Ɗigo ɗaya ya wadatar, domin ko shi ya fi abin da ido ke iya riƙewa, kuma ƙari a kansa zubewa yake yi a kumatu. Bayan haka sai a rufe ido, a danna lungun da ke kusa da hanci da ɗan yatsa na minti ɗaya ko biyu, don toshe hanyar hawaye da ke gangarawa hanci da maƙogwaro, abin da ke sa maganin ya daɗe a ido ya kuma rage shigarsa jini. Idan kwalabe biyu ne, a bar aƙalla minti biyar tsakaninsu don kada na biyu ya wanke na farko, kuma kwalbar da ta yi kamar wata ɗaya da buɗewa ba a ajiye ta don wata rana.

Haɗarin da ke tare da maganin

Babbar illar sitiroyid a ido ita ce ɗaga ƙarfin ruwan cikinsa. Ido yana samar da ruwa a kowane lokaci, ruwan kuma yana fita ta wata 'yar rariya da ke kewaye da gindin zoben baƙin ido, kuma daidaito tsakanin shiga da fita shi ke riƙe ƙarfin ido tsakanin maki 10 zuwa 21 a ma'aunin likitoci. A jikin wasu mutane sitiroyid yana sa wannan rariya ta cushe, ruwa ya taru, ƙarfin ido ya hau ya danne jijiyar gani, wanda shi ne ciwon da jama'a ke kira hawan jinin ido, likitoci kuma ke kira gilakoma. Binciken da Armaly da Becker suka yi a Amurka cikin shekarun 1960 ya nuna cewa idan aka ɗiga wa mutane sitiroyid mai ƙarfi na makonni huɗu zuwa shida, kusan kashi ɗaya cikin uku ƙarfin idonsu yakan ɗan hau, yayin da kimanin biyar cikin ɗari nasu yakan hau matuƙa. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu hawan jinin ido tun asali da danginsu na jini, da masu tsananin rashin ganin nesa, da masu ciwon sukari, da ƙananan yara.

Wannan batu yana da nauyi na musamman a Nijeriya, inda binciken ƙasa da aka ambata ya gano cewa kimanin mutum biyar cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama suna da hawan jinin ido, mafi yawansu kuma ba su sani ba, sannan shi ne na biyu bayan yana wajen makantarwa. Abin tsoro game da shi shi ne yakan hau ba tare da zafi ko ja ba, kuma ganin da ya cinye ba ya dawowa har abada, saɓanin na yana. Idan aka gano shi da wuri, maganinsa mai sauƙi ne: likita zai rage sitiroyid ko ya sauya shi da mai sauƙin illa, irin su fulorometolon ko lotefirednol, ya ƙara maganin sauke ƙarfin ido, kuma a mafi yawan mutane ƙarfin yakan koma daidai cikin 'yan makonni bayan an tsayar. Amma babu yadda za a gano shi sai da na'urar awo, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake buƙatar majinyaci ya dawo washegarin aiki, ya dawo bayan mako ɗaya ko biyu, ya sake dawowa a mako na huɗu zuwa na shida, ko da yana jin idonsa lafiya lau.

Illa ta biyu ita ce raunana tsaron ido. Tun da sitiroyid yana ja wa dakarun jiki linzami, ƙwayoyin cuta sukan sami sarari, kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mafi muni shi ne ruɓar cikin ido, wadda ba ta cika faruwa ba, kusan ido ɗaya cikin dubu ko ƙasa da haka a inda ake kiyaye tsabta, amma tana iya hallaka ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Alamominta su ne ciwo mai ƙaruwa maimakon raguwa, da dushewar gani bayan an fara gani da kyau, da ja mai tsanani, da kumburin fatar ido, da kwantsa mai yawa, ko ganin wani farin abu ya kwanta a ƙasan baƙin ido. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, to ya nufi asibitin ido a ranar, ba tare da jiran ranar da aka rubuta masa ba, kuma ba tare da ƙara yawan ɗigo da kansa ba, domin sitiroyid na iya rufe alamar cuta yayin da take ci a ciki. Karin maganar da ke cewa ciwon ido sai haƙuri ba ta da gurbi a wannan hali.

Abubuwan da suka keɓanta da Kudancin Kaduna

Akwai dalilai na tarihi da na muhalli da ke sa idanun wasu mutanen wannan yanki su fi saurin kumburi. Ƙauyukan da ke gefen koguna masu gudu a Jihar Kaduna sun daɗe suna fama da makantar bakin rafi, wadda wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa, kuma a wannan jiha ce Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka yi gwajin da ya taimaka wajen tabbatar da amfanin maganin Mectizan ga ido, bayan kamfanin Merck ya fara bayar da shi kyauta a 1987. Rabon maganin na shekara-shekara, wanda ƙungiyar Sightsavers mai ofishi a Kaduna ta tallafa wa, ya karya lagon cutar, amma dattawan da suka taso kafin lokacin suna iya ɗauke da tabon tsohon kumburi, kuma ido da ya taɓa kumbura yakan buƙaci sitiroyid tun kafin aiki da kuma na tsawon lokaci bayansa. Haka abin yake ga mai ciwon sukari, wanda makularsa ta fi saurin tara ruwa. Sannan akwai idanun da masu aikin gargajiya suka tura wa yana ciki da tsinke, al'adar da binciken ƙasa ya gano ita aka yi wa fiye da huɗu cikin kowane ido goma da aka taɓa saboda yana, kuma mafi yawan waɗannan idanu sun ƙare a makance, sannan madubin da aka tura yana nan cikin ido yana iya haddasa kumburi da hawan ƙarfi. Wajibi ne majinyaci ya faɗa wa likita duk irin wannan tarihi ba tare da kunya ba.

Yanayin rayuwa ma yana da nasa tasiri. Mafi yawan mutanen yankin manoma ne, masu noman citta da masara da acca da shinkafa, kuma lokacin kaka, da ake haƙar citta a tsaga ta a shanya, ake kuma sussuka da shiƙa, yakan zo daidai da hunturu mai ƙura. Idon da ake ɗiga wa sitiroyid, idan ƙaiƙayi ko ganye ko ƙasa ta karce gilashin gabansa, yana iya kamuwa da gyambon da ƙwayoyin naman gwari ke haddasawa, wanda sitiroyid ke ƙara wa ƙarfi, kuma yana cikin cututtukan ido mafiya wuyar magani. Don haka ake shawartar wanda aka yi wa aiki ya ɗan jinkirta komawa gona da sussuka, ya nisanci hayaƙin murhu, ya sa tabarau idan zai fita cikin ƙura ko hawa babur, ya rufe idon da murfin da aka ba shi lokacin barci a kwanakin farko, ya kuma guji murza shi ko barin ruwan wanka ya shiga. Kwalli da nonon mace da ruwan albasa da ruwan ganye da duk wani abin da ba likita ya bayar ba, haramiyarsa ne a wannan lokaci. Masu azumi kuwa, Musulmi a Ramadan ko Kirista a kwanakin azuminsu, bai kamata su tsallake ɗigon rana a ɓoye ba. Abin da ya dace shi ne su tattauna da likita da malaminsu tun kafin a sa ranar aiki, domin addinan biyu sun yi wa mara lafiya sauƙi, kuma danna lungun ido yana rage gangarar magani zuwa maƙogwaro.

Wata matsala da ta zama ruwan dare ita ce rabon ragowar magani. Saboda sitiroyid yana kawar da ja da ƙaiƙayi nan take, ya yi suna a gidaje da shagunan kemis a matsayin magani mai kyau, sai a ajiye ragowar kwalbar kaka a ɗiga wa yaro mai ƙaiƙayin ido ko maƙwabci mai ciwon afolo. Yaron da aka daɗe ana ɗiga masa yana iya kamuwa da hawan jinin ido, ko ma ita yanar kanta, domin daɗewa kan sitiroyid yana haifar da yana a idon da ba a yi wa aiki ba, wanda kuma ke da gyambo a ido yana iya rasa idon ɗungum. Haka nan sayen magani a inda ba a tabbatar da ingancinsa ba yana iya sa a yi makonni ana ɗiga jabu, don haka duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar lalacewar magani yana cikin jinyar.

Nauyin da ke kan masu shirya aiki

Masana sun fahimci cewa ɗigo sau da yawa a yini na tsawon makonni abu ne mai wuya ga tsoho mai rawar hannu ko wanda ba shi da mataimaki, shi ya sa aka ɓullo da hanyoyin ajiye maganin a ido tun a ɗakin tiyata. Likitoci da dama sukan yi allurar sitiroyid a ƙarƙashin fatar farin ido da zarar sun gama aiki, wasu kuma suna amfani da mai daɗewa irin tirayamsinolon, wanda ke narkewa a hankali cikin makonni. A shekarar 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wasu kayayyaki biyu na dekzametazon, Dexycu da ake zubawa cikin ido, da Dextenza da ake cusawa a hanyar hawaye. Waɗannan biyun suna da tsada ainun, allurar ƙarƙashin fata kuwa mai arha ce kuma tana iya amfanar mutanen karkara, sai dai maganin da aka riga aka ajiye a ido ba a tsayar da shi da sauƙi idan ƙarfin ido ya hau, don haka ko da ita buƙatar awo ba ta faɗi ba.

A shekarar 2021 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da wani sabon ma'auni, wanda ke ƙirga mutanen da suka sami gani mai kyau bayan aikin yana maimakon yawan aikin kawai, aka kuma sa burin ƙara maki 30 cikin ɗari a kansa kafin 2030. Ma'anar wannan ga Kafanchan ita ce, gangamin tiyata bai cika ba sai an tanadi wanda zai duba majinyata bayan baƙin likitoci sun tafi, da na'urar auna ƙarfin ido a kusa, da isasshen magani na makonni shida, da bayani cikin Hausa da harsunan Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da sauran harsunan yankin, a gaban ɗan uwan da zai riƙa ɗigawa. Garin yana da kwalejin horar da ma'aikatan jinya da ungozoma, yana da coci-coci da masallatai da fadojin sarakuna da jama'a ke sauraro, kuma waɗannan duka hanyoyi ne na isar da saƙon komawa asibiti. Iyalan da suka haɗa kuɗin motar zuwa aiki, ya kamata tun farko su ware na komawa sau uku, domin wanda ya sha wahalar shekaru cikin duhu, aka kuma buɗe masa ido da ikon Allah, bai cancanci ya koma duhun saboda kwalbar da ba a girgiza ba ko awon da ba a je ba.